Me ke faruwa da kayan da aka bai wa gidan tarihi kyauta?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah da ya kai wa gidan tarihi kayan marigayi kakansa, wanda likita ne a zamaninsa. Akwai jakar fata da kayan aiki a cikinta, da agogon aljihu, da ɗaurin wasiƙu, da tsofaffin hotuna. An karɓa, an ba shi wata 'yar takarda ya sa hannu, an ce za a neme shi. Yau wata huɗu ke nan shiru, ya je ya zaga ɗakunan nuni bai ga ko ɗaya ba. Shi ne yake son sanin inda kayan suka shiga, da abin da ake yi da su, da yadda ake rubuta su har a tabbatar ba za su salwanta ba.

Malam, Allah ya jiƙan kakanka. In dai takarda ɗaya ce ka sa wa hannu ranar da ka kai kayan, to mai yiwuwa har yanzu naka ne, riƙo kawai gidan tarihin yake yi. Waccan takarda shaidar shigowa ce. Tana ɗauke da sunanka, da ranar da ka kawo, da abin da ka kawo a taƙaice, da dalilin kawowar, wato kyauta ce ko aro ko kuwa so kake a duba maka, sannan da wata lamba ta wucin gadi. Galibi kwafi uku ake yi: ɗaya naka, ɗaya a fayil, ɗaya kuma yana tare da kayan duk inda suka je. Ka adana naka da kyau, domin da lambar da ke jikinsa za a nemo maka kayan in ka je tambaya.

Da ka juya baya, ba a kai kayan cikin ma'aji kai tsaye. Akwai ɗakin keɓewa inda sabon kaya ke zama har a tabbatar bai zo da baƙi ba. Asu guda a cikin jakar fata ya isa ya lalata tufafin da aka shekara ɗari ana tattalinsu. Abin da aka yi da fata ko yadi ko katako, in ana zargin ƙwari a jikinsa, ana ƙulle shi a leda a sa a firiza mai tsananin sanyi, digiri 30 ƙasa da sifili na kwana uku, ko digiri 20 ƙasa da sifili na mako ɗaya zuwa biyu. Jakar likita kuwa tana da nata haɗarin daban. Tsofaffin ma'aunan zafin jiki da zaiba a cikinsu, kwalaben magani wani lokaci da sauran guba a ciki, agogon da lambobinsa ke haske a duhu kuma mai yiwuwa da fentin radiyom, sinadari mai cutar da lafiya, aka shafe su, kamar yadda aka riƙa yi daga shekarun 1910 har zuwa na 1960. In akwai tsohon fim ɗin hoto na kafin shekarun 1950, zai iya zama irin nan mai saurin kama wuta. Duk wannan sai an duba an rubuta kafin ma a fara maganar karɓa.

Karɓar kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma a nan watanni ke tafiya. Gidajen tarihi masu tsari suna da rubutacciyar manufa ta irin abin da suke tarawa, da kwamitin da ke zama lokaci-lokaci, wasu bayan wata uku-uku. Jami'in da ke kula da wannan fanni zai rubuta musu bayani: abin ya dace da aikinmu? Muna da irinsa? Muna da wuri da kuɗin kula da shi har abada? Tambaya mafi nauyi ita ce ta mallaka: wanda ya kawo yana da ikon bayarwa? A wajenka wannan yana nufin sauran magada. In kakan naka ya bar 'ya'ya da jikoki, za a so a ga sun amince, domin babu gidan tarihin da ke son bayan shekara goma wani ɗan'uwa ya ɓullo ya ce ba da saninsa aka yi ba. A kan kayan gargajiya da na tono, bincike ya fi haka zurfi. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana fataucin kayan al'adu ta haramtacciyar hanya, shi ya sa gidaje da yawa ba sa karɓar abin da ba a san inda yake ba tun daga waccan shekara. Zanen da ya canza hannu a Turai tsakanin 1933 da 1945 sai an bi diddiginsa saboda kwasar ganimar 'yan Nazi. Ko wuƙar tiyata ce mai marikin hauren giwa, akwai yarjejeniyar CITES ta 1973 da ta shafi cinikin sassan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Ƙa'idojin ɗa'a na majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, waɗanda aka amince da su a 1986 aka sabunta a 2004, sun wajabta wannan bincike kafin a karɓi komai, kyauta ne ko saye.

In kwamiti ya ce to, sai a aiko maka takarda ta biyu, ta mallakawa. Da ka sa mata hannu, kayan sun bar hannunka. Mutane sukan so su sa sharaɗi: a riƙa nuna su kullum, ko kada a raba su, ko a dawo da su in iyali sun buƙata. Yawancin gidajen tarihi ba sa yarda, kuma ni ina ganin suna da gaskiya. Sharaɗin da aka rubuta yau zai ɗaure hannun ma'aikatan da ba a ma haifa ba tukuna. Mafi muni shi ne abin da a da ake kira aro na dindindin: kaya na zaune shekara hamsin, mai shi ya rasu, magada sun watse, gidan tarihi ba shi da ikon gyara shi ko ba da shi, kuma babu wanda zai mayar wa. Ka kuma lura da wani layi a takardar game da haƙƙin mallakar rubutu da hoto. Mallakar takardar wasiƙa daban, ikon buga abin da ke cikinta daban, kuma wasiƙun da wasu suka rubuto wa kakanka haƙƙinsu na marubutan ne ko magadansu.

Yanzu muka zo kan ainihin tambayarka. Ranar da aka mallaka kayan, ana shigar da su a babban littafin rajista a ba su lamba ta dindindin. Tsarin da ya fi yaɗuwa mai gaɓa uku ne. A ce kyautarka ita ce ta goma sha bakwai da aka karɓa a 2024, to duk kayanka za su fara da 2024.17. Jakar ta zama 2024.17.1, agogon 2024.17.2, haka har ƙarshe. Abin da ke rabuwa gida biyu, kamar kwalba da murfinta, sai a ƙara harafi: 2024.17.5a da 2024.17.5b, domin ranar da murfin ya gangara bayan kanta a san na wace kwalba ne. Wasu gidajen suna da nasu salon. A British Museum da ke Landan, lambobi da yawa shekara ce, sai wata da rana, sannan lambar abin. Salo bai dame ni ba muddin an kiyaye sharaɗi biyu. Na farko, kada abu biyu su taɓa ɗaukar lamba ɗaya, kuma lambar da aka bayar ba ta sake komawa kan wani abu ko da na farkon ya ƙone ko an sace shi. Na biyu, kada a cusa wa lambar ma'anar da za ta iya canzawa. Akwai masu sa harafin da ke nuna irin abu ko ɗakin da yake. Gobe bincike ya nuna abin da aka ɗauka tagulla ce ashe farin ƙarfe ne aka rina, ko a koma sabon gini, sai lambar ta koma yin ƙarya, kuma canza ta ya fi barinta haɗari.

Shi littafin rajistar, har a wannan zamani na kwamfuta gidaje da yawa suna riƙe da na takarda: ɗinkakken littafi mai shafuka masu lamba, yadda ba za a cire shafi ba a gane ba, ana rubutu da tawadar da ba ta kodewa. In an yi kuskure ba a gogewa, ba a shafa farin ruwan gyara. Layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Dalili shi ne wannan littafi hujja ce a gaban kotu. Dole kuma a ajiye kwafinsa a wani gini daban. Gobarar da ta cinye gidan tarihin ƙasar Brazil a birnin Rio ranar 2 ga Satumba 2018 ta faɗa wa tarin kaya kusan miliyan 20, kuma inda bayanan suke a ginin kaɗai, kayan da labarinsu tare suka tafi.

Lamba a littafi ba ta da amfani sai tana jikin abin. Wannan shi ne aikin da baƙo ba ya gani, kuma shi na fi so. A ɗauki agogon nan. Ma'aikaciya za ta sa safar hannu, ta juya shi ta nemi wurin da ba ya bayyana in an baje shi amma ba sai an wahala kafin a gano ba, misali cikin murfin baya daga gefe. Da ɗan siririn buroshi za ta shafa wani ruwan gam mai haske da ake kira Paraloid B-72, faɗinsa bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba, ta bari ya bushe. A kan wannan shimfiɗa za ta rubuta 2024.17.2 da ƙananan lambobi, ta sake bari ya bushe, sannan ta rufe da wani shafin. Tawadar ba ta taɓa ƙarfen ba, kuma in wata rana an so cirewa, ɗan auduga da sinadarin asiton ya wadatar. Wasiƙa da hoto, fensir mai laushi ake sawa a baya, a gefen ƙasa, ba tare da dannawa ba. Tufafi, ana rubuta lambar a ɗan ƙyallen auduga a ɗinke shi da zare kaɗan a cikin wuya ko ƙugu. Fata tana shan ruwan gam, don haka jakar takan samu ɗan kati ne da aka ɗaura da zare a hannunta. Biro, da alƙalamin maka, da salatif, da takarda mai gam a baya, duk haramun ne a wannan aiki. Salatif yakan bushe ya faɗi da lambar bayan 'yan shekaru, ya bar tabon da ba ya fita.

Bayan rajista sai kundin bayani, kuma mutane na yawan haɗa su. Rajista kamar takardar haihuwa ce, sau ɗaya ake rubuta ta, shi kuwa kundin bayani kamar fayil ɗin asibiti ne, kullum ƙaruwa yake. Mafi ƙarancin abin da ya kamata ya ƙunsa an tsara shi a wani ma'auni da ake kira Object ID, wanda cibiyar Getty ta Amurka ta fara aikinsa a 1993, aka ƙaddamar a 1997, ICOM kuma take kula da shi tun 2004. An yi shi ne musamman domin in an sace abu, 'yan sanda da jami'an kwastan su iya gane shi. Tambayoyi tara ne: wane irin abu ne, da me aka yi shi kuma ta yaya, awonsa, rubutu ko tambarin da ke jikinsa, alamomin da suka bambanta shi da irinsa, sunansa in yana da shi, abin da yake nunawa in hoto ne ko zane, zamaninsa, da wanda ya yi shi. Sai hotuna, da ɗan gajeren bayani.

A cikin taran nan, alamomin bambantawa su ne inda ake gane gwani. Kamfani ɗaya ya ƙera dubban agogo irin na kakanka. Abin da ya sa wannan ya zama wannan shi ne lambar da ke jikin injinsa, da ɗan lotsawar da ke kusa da ƙarfe uku, da tsagewar gilashi mai tsawon milimita shida, da haruffan da aka zana a murfi. Rubutun jiki ana kwafe shi ne yadda yake, harafi da harafi, har da kuskuren mai zanen. Hoto kuma ana ɗauka gaba da baya da kusa, da 'yar rula a gefe da lambar abin a cikin hoton, don kada hoton kansa ya zama maraya a kwamfuta.

Akwai wata ɗabi'a da nake matsa wa duk wanda na koya wa aikin nan. A raba abin da ido ya gani, da abin da mai kyauta ya faɗa, da abin da mai rubutu ya yi hasashe. In ka ce kakanka ya sayi jakar a 1938, za a rubuta cewa jikansa ne ya faɗa, a rana kaza. Ba ƙaryata ka aka yi ba. Amma in aka rubuta 1938 tsurarsa, bayan shekara talatin wani mai bincike zai ɗauka daga rasit aka samo, ya buga a littafi, daga nan kuma ya zama gaskiyar da ba mai iya tuhuma. Haka nan sunayen abubuwa. In wannan ya rubuta jaka, wancan ya rubuta akwatin hannu, na uku ya rubuta sunan da ake kiranta a garinsu, mai nema zai samu ɗaya ya rasa biyu. Shi ya sa ake aiki da tsayayyen jerin kalmomi, irin wanda masanin gidajen tarihi Robert Chenhall ya wallafa a 1978 ko ƙamus ɗin fasaha da gine-gine na Getty, sannan a ajiye sunan da masu abin ke kiransa a wani gurbi nasa, domin shi ma bayani ne.

Gurbin da ya fi kowane saurin lalacewa shi ne na wurin ajiya: gini, ɗaki, layi, kanta, akwati. Duk lokacin da abu ya motsa, ko zuwa ɗakin hoto ne na awa biyu, sai an rubuta, kuma a bar kati a gurbinsa mai nuna wanda ya ɗauka da inda ya kai. A ma'aji mai kaya dubu hamsin, abin da aka mayar kan kantar da ba tasa ba, da shi da wanda aka sace kusan ɗaya ne. Ma'aunin Spectrum na Birtaniya, wanda ya fara fitowa a 1994 kuma ƙasashe da dama suka ɗauka, ya kasa aikin kula da kaya gida 21, tara daga ciki na wajibi ne, kuma kula da wuri da motsi yana cikin taran. Ana gwada ingancin bayanin wurin ajiya ta fuska biyu: a zaɓi lamba a littafi a je a nemo abin, sannan a ɗauki abu a kanta a je a nemo bayaninsa. Gwaji na biyu shi ke tona asiri, domin a nan ake cin karo da kayan da babu lamba, babu takarda, babu wanda ya san wanda ya kawo su. Kusan kowane tsohon gidan tarihi yana da irinsu.

Kada ka ɗauka ƙananan gidaje ne kaɗai ke fama. A 2023 British Museum ya bayyana cewa kaya kusan 2,000 sun ɓata ko an sace ko an lalata su, akasarinsu ƙananan duwatsu masu daraja da kayan ado, har shugaban gidan, Hartwig Fischer, ya ajiye aiki. Abin da ya sa gano su ya yi wuya shi ne da yawa ba a yi musu cikakken bayani ko hoto ba. Abin da ba ka rubuta ba, ba ka da hujjar cewa naka ne ko da ka gan shi a kasuwa. Game da manhajojin kwamfuta kuwa, akwai irin su TMS da EMu da PastPerfect, da CollectiveAccess wadda kyauta ce. Dukansu suna aiki. Sai dai manhaja ba ta gyara bayanin da aka shigar a karkace, saurin nemo shi kawai take ƙarawa.

Rashin ganin kayanka a ɗakin nuni kuma ba alamar matsala ba ce, kuma gara ka san haka tun yanzu: mai yiwuwa ko bayan an karɓa ba za a baje su nan kusa ba. British Museum yana da kaya kimanin miliyan 8, abin da ke baje a lokaci guda bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wasiƙu da hotuna ma haske ne ke cin su, don haka ko an fito da su, 'yan watanni suke yi a mayar. Amfaninsu yana wajen ɗalibai da masu bincike da sauran gidajen da ke zuwa aro, kuma duk waɗannan ta kundin bayani suke gano cewa abin yana nan.

Wannan jiran da kake yi, akwai aikin da babu mai iya yinsa sai kai. Awo da hoto da lamba, kowane ma'aikaci zai yi su ko bayan shekara ashirin. Amma waye na biyu daga hagu a hoton nan, a wane asibiti aka ɗauka, me ya sa hannun jakar ɗinkin gida ne, wa ya ba shi agogon, wannan yana kanka ne da kan dattawan gidanku. Ka zauna da su, ka ɗauki muryarsu a waya in sun yarda, ka rubuta cikakken sunan marigayin da shekarun haihuwa da rasuwa da wuraren da ya yi aiki, da hannun da kayan suka bi kafin su iso gare ka. Inda ba ku da tabbas ku ce ba ku da tabbas. In akwai sauran hotuna a gida, a wata takarda daban za ka rubuta sunayen, kada ka bi bayansu da biro. In kuma akwai wani abin da kake shirin ƙarawa, kada ka wanke shi ko ka goge shi da man ƙarfe don ya yi kyau, domin sau da yawa dattin da tabon su ne shaidar yadda aka yi amfani da shi.

Sannan ka kira su ko ka je da takardarka, ka nemi mai kula da rajista, ka faɗi lambar wucin gadin, ka tambayi ranar da kwamiti zai zauna. Wata huɗu ba abin mamaki ba ne, amma haƙƙinka ne a gaya maka matakin da ake. Zai yiwu su karɓi wasu su bar wasu, ko su ce wasiƙun sun fi dacewa da gidan adana takardu, ko su nemi izininka su sa wani abu cikin kayan koyarwa da yara ke taɓawa, waɗanda ba sa shiga babbar rajista. In sun ƙi wani abu, ka duba bayan takardarka, galibi akwai wa'adin zuwa ɗauka da abin da za su yi in wa'adin ya wuce. In sun karɓa, ka nemi kwafin takardar mallakawa mai sa hannun ɓangarorin biyu, da jerin lambobin dindindin na kowane abu, ka kuma gaya musu yadda kake so a rubuta sunan mai kyautar, naka ne, ko na iyali, ko kuwa a bar shi ba suna.